Bututu Mai Lamba 47

Kafin ku fara jero mini "ayya, sannu" a ƙarƙashin rubutun nan, bari in faɗa muku da bakina: ni na jawo wa kaina. Babu wanda ya aike ni jami'a in shekara shida ina karantar taswira da lissafi, kuma babu wanda ya matsa mini in karɓi aikin yankin da aka yanke mini cibiya. Ni ce na ɗaga hannu a taron ofis, har da murmushina, na ce ai na san wurin.

Sunana Hiske. Shekarata talatin da ɗaya, ba miji, ba saurayi, ba ko kyanwa. Wannan jerin ba nawa ba ne, na Mem ne, mahaifiyata. Haka take karanto shi ga duk wanda ya yi kuskuren tambayarta lafiyata a ƙofar coci.

Aikina a wani ƙaramin kamfani ne a Leeuwarden, muna yi wa hukumar ruwa taswira. Ƙasar da muke takawa a yankinmu na Friesland ruɓaɓɓiyar ciyawa ce, kamar soso take. In ruwan da ke ƙarƙashinta ya ja baya da rani, sai ta bushe ta lotsa, kowace shekara ƙasa na ƙara nitsewa. Maganin da hukuma ta gano shi ne a ɗaga ruwan magudanai a duk filin da ya fi bushewa. Ƙasa za ta huta. Manomi kuwa taraktarsa ba za ta shiga fili ba sai tsakiyar shekara, shanunsa su riƙa kafewa har gwiwa. Wadda za ta nuna filin da za a jiƙa da wanda za a ƙyale, ita ce taswirata: ja a jiƙa, kore a ƙyale.

Muna da bututu ɗari biyu da goma sha biyu da aka kafa a ƙasa, ana auna zurfin ruwa a cikinsu ranar sha huɗu da ranar ashirin da takwas ga kowane wata, tun kafin a haife ni haka ake yi. Tsakanin bututu da bututu babu awo, sai hasashe, kuma hasashen nan shi ne abincina. Dokarsa ɗaya ce: abin da ke kusa ya fi kama da juna. Saboda haka kowane bututu yana da ta cewa a kan filayen da ke kewaye da shi. In ya faɗi gaskiya, maƙwabtansa sun samu gaskiya. In ya yi ƙarya, sai ya shafa wa kowa.

To, ranar Alhamis ɗin da ta wuce Marijke, shugabata, ta tsaya a bayan kujerata da kofin gahawarta. Mace ce doguwa mai gajeren farin gashi, kullum cikin baƙar rigar sanyi, kuma ba ta san yadda ake kewaya magana ba.

"Mene ne wannan?" Ta ɗora yatsa a kan allon kwamfutata.

Duk kudancin taswirar ja ne zur, sai wani ɗan tsibiri kore shar a tsakiya, filaye goma sha ɗaya.

"Lamba 47 ne," na ce. "Shi ke jan su."

"Kin ɓoye shi kin gwada?"

Na gwada mana. Haka muke kama maƙaryaci: ka ɓoye bututu ɗaya, ka ce wa lissafin ya cinci zurfinsa daga na maƙwabta, sannan ka kwatanta da awon gaske. Sauran duk kuskuren bai wuce tafin hannu ba. Shi kuwa 47 ruwansa ya taso sama da hasashe sosai, kamar filin ba ya bushewa.

"Santimita arba'in da biyar," na ce a hankali.

Ta yi dariya ta hanci. "Ko dai akwai marmaro a ƙarƙashinsa, ko kuma bututun ya samu lauya. Na'urar da kika rataya a ciki a watan Mayu fa, me ta ce?"

"Ban gama dubawa ba."

"Litinin da safe muke miƙawa. Sunanki ne a ƙasan takardar, ba nawa ba. Ki gaya mini, 47 yana ciki ko yana waje."

Ta wuce abinta. Ni kuwa na zauna ina kallon koren tsibirin nan kamar ban san shi ba. Na gaya wa Marijke tun farko cewa ni 'yar yankin ce. Abin da na manta ban gaya mata ba, kun san yadda mantuwa take, shi ne lamba 47 yana bayan ɗakin shanunmu ne, taku sittin daga tagar da na girma ina leƙe. Rabin koren nan makiyayar Heit ce, mahaifina, da shanunsa saba'in.

Kuma na duba na'urar, har sau uku. 'Yar ƙarama ce, ba ta fi yatsa ba, tana rataye da siririyar waya a cikin bututun, duk awa ɗaya tana rubuta zurfin ruwa. Ni na saka ta da hannuna wata ranar Laraba da na san Heit da Mem sun tafi kasuwar shanu, ban gaya wa kowa a gida ba. Abin da ta rubuta ba ya buƙatar digiri. Kwana goma sha uku ruwa na can ƙasa, daidai da na maƙwabta. Ranar sha huɗu, ƙarfe takwas na safe, sai ya yi tsalle sama. Ya kwana ɗaya yana sauka. Ranar ashirin da takwas, ƙarfe takwas, ya sake tsalle. Ruwan ƙasa mai duba kalanda, jama'a. Da ba gidanmu ba ne da na rubuta takarda a kansa na yi suna.

Ina cikin wannan sai waya ta yi ƙara. Mem ce.

"Za ki zo Asabar? Na gayyaci Douwe shan gahawa."

Na rubuta: "Aiki ya yi mini yawa."

"Na riga na saya burodin sukari. Babba."

"Mem, ni ba na cin sukari."

"Shi yana ci. Rannan yanka biyu ya ci, ya kuma kai farantinsa wurin wanki da kansa. Ki yi tunani a kan wannan."

Sai ga hoto: Douwe a kujerar kicin ɗinmu, an ɗauke shi ta gefe bai sani ba, bakinsa cike.

Bari in gabatar muku da shi. Douwe ajinmu ɗaya a firamare. Yanzu yana da injin yashe magudanai, da gida nasa na kansa a bakin gada, da kafaɗun da Mem ke magana a kansu kamar ita ta gina su. Bara a bikin ƙauye ya tsaya kusa da ni minti ashirin bai ce uffan ba, can ya ce, "Akwai ɗaki a saman gidana mai kallon kudu. Zai yi kyau da kwamfuta." A wurinmu wannan waƙar soyayya ce mai baiti goma. Na ce masa na gode, zan duba. Har yau ina dubawa.

Abin da ya fi damuna shi ne: shekara uku ke nan Douwe ne ɗan sa-kai mai auna bututu tara na ƙauyenmu, har da 47. Ranar sha huɗu da ranar ashirin da takwas yakan zo ƙarfe goma, ya auna, ya shiga wurin Mem ya ci yanka biyu. Kuma shekara uku ke nan daidai da 47 ya fara rabuwa da 'yan uwansa.

A raina na ce, wato wasu matan furanni ake kai musu, ni ruwa ake ɗura wa rami saboda ni. Na rubuta wa Mem: "Zan zo."

Ta aiko da zuciya bakwai. Na ƙirga.

Ranar Asabar na sa tsohon wandona da rigar ulu mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta huje, da gangan. Mem ta tare ni a ƙofar baya, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Makoki za ki ko yashe rijiya?"

"Gida na zo, Mem."

"Akwai shuɗiyar rigar nan a ɗakinki, na goge ta."

"Ta lokacin da nake shekara sha tara?"

"Ba ki ƙara komai ba, wa ke ciyar da ke?"

Kicin ɗin ya sha gyara. An shimfiɗa farin ƙyallen tebur mai zanen tsuntsaye, an fito da kofunan kakata masu bakin zinariya waɗanda ko ranar da na karɓi digiri ba a fito da su ba. Heit na zaune a mazauninsa na kullum kusa da taga, cikin safa, jarida a gabansa. Ya ɗago ya dube ni.

"Kin zo."

"Na zo, Heit."

"To."

Hirarmu ke nan ta wata guda, kuma ta yi armashi. Heit shekararsa sittin da uku, kakansa ne ya haƙa magudanan gonar nan da shebur. Tun da aka fara zancen ɗaga ruwa bai taɓa tambayata komai game da aikina ba, ko sau ɗaya. Mem ce mai tambaya, ita ma ba don ta ji amsa ba.

Ƙarfe goma daidai Douwe ya ajiye takalmansa na katako a bakin ƙofa ya shigo, riga a goge, gashi a jiƙe an taje shi gefe.

"Hiske."

"Douwe."

"Kun ga yadda suke fahimtar juna?" Mem ta ce wa Heit. Heit ya juya shafi.

Mem ta tasa mu gaba. Ta ba shi labarin yadda na iya miyar wake, abin da ban taɓa dafawa ba. Ta ba ni labarin sabon rufin gidansa. Can ta yanka burodi ta ce, kamar da wasa:

"Hiske ce ke zana taswirar nan, ka sani ko? Na gaya wa matan coci su kwantar da hankalinsu. 'Yar gida ce, ta san inda ta fito."

Cokalin Heit ya tsaya a cikin kofi. Douwe ya ƙura wa burodinsa ido.

"Ba ni ke zaɓar launi ba, Mem. Lissafi ne."

"To wa ke ba lissafin abinci?"

Na miƙe. "Douwe, zo ka nuna mini injinka."

"Ban zo da shi ba."

"Zo ka nuna mini inda za ka ajiye shi da ka zo da shi."

Mem har da tafa hannu.

Na ja shi har bayan ɗakin shanu, nesa da tagar kicin. Daga nan ana hango murfin bututun, ɗan shuɗi a cikin ciyawa, da shanu na kiwo kewaye da shi. Na fito da wayata na nuna masa zanen: layi a kwance, tsalle, layi a kwance, tsalle.

"Ka san wannan?"

Ya daɗe yana kallo. "Kyakkyawan zane."

"Kar ka raina mini hankali. Wani na ɗura ruwa a 47 kafin a auna. Shekara uku. Ka san me ka jawo? In na bar shi, na sa hannu a kan ƙarya, ranar da aka gano kuwa ko taswirar gidan wanka ba wanda zai sake ba ni. In na cire shi, Litinin gonar Heit ta zama ja, da ta mutum goma. Wannan ce kyautar da ka ga ta dace da ni?"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya cusa hannu a aljihu.

"Ni ne," ya ce.

"Na sani ai."

"Ki rubuta sunana. Ki ce ɗan sa-kai ne ya yi shirme. Za su karɓe tef ɗin awon, shi ke nan."

Saurin amsar ne ya dame ni. Mutumin da ya yi minti ashirin kafin ya yi zancen ɗaki, yau ya amsa laifi kafin in rufe baki.

"Da me kake ɗurawa?"

"Bokiti."

"Nawa?"

"Uku. Wani lokaci huɗu."

Bakin bututun nan yatsa biyu ne. Buta ɗaya ta isa ta cika shi har ya tumbatsa.

"Yaushe?"

"Da yamma. Ana gobe awo."

Na sake duba wayata, duk da na haddace abin da ke ciki. Ƙarfe bakwai ruwa na ƙasa, ƙarfe takwas yana sama, da safe, ranar awon kanta. Lokacin da Douwe ke can wani ƙauye a kan injinsa.

"Douwe, ko ƙarya ba ka iya ba."

"Ban saba ba ne."

"Wa kake rufa wa asiri?"

Ya kalli shanu, ya kalli sama, ya kalli takalmansa. "Ni abin da tef ya nuna nake rubutawa. Da na ga murfin a jiƙe ranar da ba a yi ruwa ba, ban tambaya ba. Da na ga wayarki a ciki, ban taɓa ta ba."

"Ka san tawa ce?"

"Wa zai ɗaura waya da irin ƙullin da Heit ɗinki ke ɗaure ƙofar maruƙa da shi?"

Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ganina kuke ba: a daidai nan wani abu ya motsa a ƙirjina. Na zo da niyyar in wanke shi tas in huta da zancen ɗaki mai kallon kudu, sai ga shi yana miƙa mini wuyansa don wani. Haushi ya kama ni, na rasa na wa.

"Mem ce," na ce. "Ko?"

"Burodin zai bushe," ya ce, ya juya ya koma ciki.

Na yini ina kallon Mem. Ita ce mai cewa wa ke ba lissafi abinci. Ita ce mai butar ban-ruwan furanni har uku. Na shirya mata jawabi mai kyau, da gabatarwa da kammalawa. Kuma gobe Lahadi, ashirin da takwas ga wata.

Ƙarfe bakwai da rabi na safe na sa takalmin roba da tsohuwar rigar ruwan Heit, na laɓe a bayan tarin ciyawar da aka naɗe da baƙar leda. Raɓa ta jiƙa ko'ina. Injin tatsa ya yi shiru, shanu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta tagar sama ina hango Mem da abin naɗe gashi a kanta tana goge rigar coci. Na ce to, gama ki sauko, ina nan.

Ƙofar ɗakin madara ta buɗe. Heit ne ya fito.

Yana riƙe da tsohuwar butar da muke dama wa maruƙa madara, da jan mazurari a ɗaya hannun. Bai waiga ba, bai yi sauri ba. Ya taka har wurin bututun kamar mai zuwa duba saniya, ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya buɗe murfin.

Jawabina ya gudu ya bar ni. Wannan mutumin ne ya mayar da ni kanti da ƙafa ina shekara bakwai saboda an yi mini rarar canji. Shi ne ya fara koya mini awon ruwa, a wannan bututun, ya riƙe hannuna muna sassauta tef har ƙarfen bakinsa ya ce ɓul, ya ce, "Abin da kika ji za ki rubuta, ba abin da kike so ba."

Ban san lokacin da na fito ba. Ya ji takuna, bai ɗago ba.

"Rigata ce wannan," ya ce.

"Heit."

"Ta yi miki yawa."

"Heit, akwai na'ura a ciki. Duk abin da kake yi tana rubutawa. Tun watan Mayu nake..."

"Na gan ta." Ya taɓa siririyar wayar da ɗan yatsa, a hankali. "Ƙullina ne. Na ce to, yarinyar ta iya."

"Ka sani, kuma ka ci gaba?"

"Da can don hukuma nake yi." Ya gyara zaman butar a ciyawa. "Daga Mayu kuwa na san wa ke karantawa."

Wata biyar ina zaune a ofis ina kiran abin nan kuskuren awo, ashe mahaifina ne ke yi mini magana sau biyu a wata, ta hanyar da ya iya. Bai taɓa roƙona komai ba a rayuwarsa. Ko gishiri a tebur miƙewa yake ya ɗauko.

"Da ka tambaye ni kawai," na ce.

"Da kin ce a'a a gabana. Ban so ki sha wannan wahalar ba."

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigar. Marijke ce, wadda ba ta san Lahadi ba: "47. Ciki ko waje? Ina haɗa takardun yau."

Daga nesa, a kan hanyar gada, na hango farar motar Douwe ta taho, awa biyu kafin lokacinsa. A sama Mem ta buɗe taga tana kiran wani ya zo ya ja mata zif.

Heit ya ɗaga butar. Hannunsa na karkarwa, ruwan na zuba a gefe, a kan ciyawa, a kan gwiwarsa. Yaushe hannun Heit ya fara rawa haka? Ba wanda ya rubuto mini wannan a waya. Ya gwada saita mazurarin a bakin bututun, ya zame. Ya sake, ya sake zamewa.

"Hiske," ya ce, bai dube ni ba. "Riƙe mini nan."

Na duba agogo. Takwas saura minti huɗu, kuma ƙarfe takwas daidai na'urata za ta rubuta abin da ta gani, ba ruwanta da 'yar wa ce ni. Na buɗe baki in ce masa ba zan iya ba. Sai na ji sanyin raɓa ya ratsa gwiwoyina, na duba ƙasa, ashe na durƙusa, ga jan mazurarin a hannuna.